Zafin man giya: tarihin abin da ke cinye manyan motoci a hanyar Dole Kaina

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin WhatsApp da dabarun rage cin data, mu leƙa ƙarƙashin mota. Kada ka ce ba ruwanka da kanikanci, don kafin mu gama za ka ga wayar da ke hannunka ce za ta yi rabin aikin. Amma sai na fara ba ka tarihin abin tukuna, in ba haka ba lambar da wayar za ta nuna maka ba za ta yi maka ma'ana ba.

Ka ɗauka watan Afrilu ne, rana ta take, zafi ya haura digiri 40. Ka taso daga Birnin Kebbi da Camry ɗinka mai V6, ka bi ta Bunza har Kamba, mota na shan kwalta lafiya lau. Daga nan ka nufi Dole Kaina, can bakin kogin Neja, yankin da Najeriya da Nijar da Benin suke kallon juna. But cike da buhuna, mutum huɗu a baya. Ka sauka daga kan hanya za ka gangara bakin ruwa inda ake sauke kayan jirgi, sai rairayi ya riƙe taya. Ka taka totur, inji ya yi kuka, mota ko gezau. Samari suka taru suna turi, kai kuma kana D, kana R, kana komawa D. Bayan kamar minti goma ta fita, aka yi hamdala, ka sallami samari. Ka ɗan ji wani ƙauri kamar an manta tukunya a kan wuta, ka ce ai taya ce.

Ba taya ba ce, man giyarka ne ya dahu. Kuma mugun abin shi ne ba ranar za ta nuna maka ba. Sai bayan wata biyu ko uku, da safe ka sa D ta tsaya tana tunani kafin ta ɗauka. Daga baya ta fara bugu idan za ta canja. Ran nan makanike ya ciro sandar awo, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce maka, "Alhaji, sai dai a nemo wata giyar." Kai kuma ka ɗora laifin kan dillalin da ya sayar maka.

Iyayenmu ba su san wannan ciwon ba, kuma ba don sun fi mu iya tuƙi ba ne. Motarsu ce daban. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 kuwa, Fijo kenan, ta zama motar gwamnati, motar haya, motar kwastan, har ma motar waɗanda kwastan ke bi. A wannan shekarar ce dai 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, ɗaya daga cikin tseren motoci mafi wahala a duniya, a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Daga nan sunanta ya ƙara tafiya a matsayin motar da ba ta tsoron hanya. Irin wadda ta cika titunanmu, mai kafireta, ƙarfin injinta bai kai doki 100 ba. Giyar hannu ce, haƙoran ƙarfe ne kawai ke cizon juna, man da ke ciki bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba. Abin da zai ba ka mamaki, Peugeot da kansa ya ce irin baƙin man inji za a zuba mata a giya. To ka ga inda muka gaji maganar nan ta "mai ai mai ne". A kan Fijo gaskiya ce. Idan ta kafe a rairayi ka matsa mata, kuloci ne zai ƙone, nan take za ka ji warinsa, a sauke giya a gindin bishiya a canja faranti kafin la'asar.

A can Amurka kuwa wata hanyar suka bi. Tun 1939 General Motors ya fito da Hydra-Matic, giya otomatik ta farko da aka ƙera da yawa, a cikin motocin Oldsmobile. A 1948 Buick ta zo da Dynaflow, mai ɗauke da abin da kanikawanmu ke kira kwanbata. A nan asalin zafin yake, don haka bari in ɗan daɗe a kansa.

Ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya. Iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a jona ta da wuta ba. To kwanbata kenan, sai dai maimakon iska, mai ne a rufe cikin wata ƙwarya ta ƙarfe. Inji na juya fanka ta farko, man ya bugi ta biyu, ta biyu ta juya giya. Shi ya sa za ka iya tsayawa a D da ƙafa kan birki inji bai mutu ba. Sai dai duk ƙarfin da inji ya bayar wanda bai kai ga taya ba, ba ɓacewa yake yi ba. Zafi yake komawa, kuma a cikin man yake zama. Idan taya ta maƙale cik kana taka totur, ƙarfin injin gaba ɗaya man yake dafawa. Akwai wani gwaji a littattafan gyara na kamfanoni irin su Toyota, inda makanike ke taka birki da totur lokaci guda don auna lafiyar kwanbata, kuma gargaɗin da ke jikinsa shi ne kada a wuce sakan 5 zuwa 10. Sakan fa aka ce. Kai kuma a bakin ruwan Dole Kaina minti goma ka yi kana fama.

Ga shi kuma man giyar otomatik ba santsi kaɗai yake bayarwa ba kamar na Fijo. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa giya, shi ne ke matse faifan nan da ake kira faiba idan za a canja giya, shi ne ke shafe haƙora, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai waje. Idan ya sha wuta sai ya tsinke ya zama kamar ruwa, ya yi baƙi, ya fara barin wani danƙo a ƙananan hanyoyin da yake bi. Robobin da ke riƙe matsi su bushe su yi tauri. Matsi ya ragu, faiba ta fara zamewa, zamewar ta haifi wani sabon zafin. Daga nan abin yake cin kansa da kansa har ya ƙare.

Kamfanonin sun gane haka da wuri. A 1949 General Motors ya fitar da ƙa'idar man giya ta musamman mai suna Type A, a 1967 kuma aka samu Dexron, sunan da har yau kake gani a jikin galan. An kuma ɓullo da dabarar da har yanzu take cikin mafi yawan motocinmu: a ja man giya ta bututu a ratsa da shi ta cikin lagireto, ruwan inji ya kwashe masa zafi, ya koma. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da nake jin daɗin ba da shi, musamman ga mutanen bakin kogi da suka san darajar man ayu. Shekaru da dama, ɗaya daga cikin sinadaran da ake haɗawa a man giyar otomatik man wata ƙatuwar dabbar teku ne, wadda ake kira wel. Man da ake ɗebowa daga kanta yana jure zafi, ba ya saurin lalacewa, yana kuma hana tsatsa. Da aka ga dabbar na neman ƙarewa, a farkon shekarun 1970 Amurka ta hana shigo da man, dokar kare dabbobi ta 1973 ta ƙara ɗaure hanin. General Motors ya fito da Dexron II a 1973 ba tare da shi ba. Sai ga matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba: sabon man ya riƙa cin dalmar da aka liƙe bututun sanyaya man da ita a cikin lagireto, ruwa ya riƙa shiga giya. Sai da aka sake haɗin man a 1975 aka ƙara masa maganin tsatsa. Ka duba fa, kamfanin da ya ƙirƙiro giyar da kansa, sinadari ɗaya ya canja a cikin mai ya sha wannan wahalar. Mu kuma a tasha ake auno mana jan mai a gorar ruwa, ba suna ba lamba, a ce duk ɗaya ne.

Gyara mafi girma ya zo ne bayan tashin farashin fetur na 1973. Don a rage asarar mai, Chrysler a 1978 ya dawo da wata tsohuwar dabara ta Packard: idan mota ta miƙe tana tafiya daidai, wani kuloci a cikin kwanbata ya kulle fankokin nan biyu su zama abu guda. Zamewa ta tsaya, zafi ya sauka. Kusan duk motar otomatik da za ka gani yau tana da wannan makulli. Shi ya sa abin yake zuwa wa mutane a juye: motarka tana gudun kilomita 100 tsakanin Bunza da Kamba man giyarta na hutawa, don kwanbata a kulle take kuma iska na dukan lagireto. Tana rarrafe da kilomita 10 a rairayi da kaya kuwa, makulli a buɗe, iska babu, a nan take shan azaba.

Tsofaffin masu gyaran giya a Amurka suna da wani lissafi na sama-sama tun zamanin Dexron na farko. Sun ce idan man na zama a wajen digiri 80 zai iya kai ka kilomita 160,000, amma duk ƙarin digiri 11 yana raba rayuwarsa biyu. Man zamani ya fi na wancan lokacin juriya, don haka kada ka ɗauki lambobin kamar karatun allo. Amma yadda lissafin ke gangarowa, rabi bayan rabi, har yanzu haka abin yake.

To yaya aka yi wannan ciwon na Amurka ya iso Kebbi? Ta Kwatano ya biyo. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar motocin hannu ta buɗe. Da farko daga Turai suke zuwa, shi ya sa har gobe muke ce wa kayan hannu Beljiyam. Tsadar kuɗin fito da dokokin shekarun mota a tashoshin Najeriya suka sa 'yan kasuwa suka karkata zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga can ake koro motocin arewa, ta Parakou da Kandi zuwa Malanville, tafiyar sama da kilomita 700, a haye gada zuwa Gaya a Nijar, a ɓullo ta wajen Kamba. Wasu kuma daga Kandi suke ratsewa ta Segbana su shigo ta Tsamiya a ƙasar Bagudo. Sannu a hankali motocin Amurka da Kanada suka fi yawa, su kuwa kusan duk otomatik ne, da manyan injuna. Honda Accord V6 ta 2003 doki 240 gare ta. Camry V6 ta 2007 doki 268, kusan ninki uku na Fijon gidanmu, ta ma fi waccan da ta ci gasar Safari ƙarfi nesa ba kusa ba. Land Cruiser mai injin V8 na lita 5.7 kuwa 381. Wato motar da ake kai yara makaranta da ita yau, da a 1975 ne motar tsere ce. Man giyarsu daga lita 6 ne zuwa sama da 10, kowace da irin nata.

Mota ta canja, hannun da ke gyara ta bai canja ba. Abu na farko da ake yi wa baƙuwar mota idan ta iso gareji shi ne a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara. A ganina wannan na cikin manyan ɓarnar da muke yi wa motoci da hannunmu. Kwamfutar motoci da yawa, har da na Toyota, ba ta yarda ta kulle kwanbata ko ta shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya kai wani mizani na ɗumi. Da safiyar hunturu, babu tamostat, fanka na bugawa ba tsayawa, inji zai daɗe bai kai wurin ba. Allurar zafi na ƙasa kana murna, alhali kwanbata na ta zamewa a ƙarƙashinka. Ita dai allurar nan ruwan inji kaɗai take aunawa, ba ta san halin da man giya yake ciki ba.

Abu na biyu ruwa ne. Wanda ke zaune a bakin kogi ba zai ga dalilin sayen ruwan lagireto na galan ba, ga ruwa nan kyauta har Lolo. Amma launin da ke cikin na galan ba ado ba ne kawai, a tare da shi akwai maganin tsatsa. Ka tuna bututun man giya a cikin lagireto yake kwance. Ruwan kogi ko na rijiya zai yi ta cin sa a hankali har ya huda, ruwa da mai su gauraye. Faiba kuwa da wani abu mai kama da takarda aka yi ta, aka manna da gam, idan ruwa ya taɓa ta saɓulewa take yi. Ko a Amurka an ga irin wannan: Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi fama da tsagewar wannan wurin, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton. Idan ka ciro sandar awo ka ga man ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, kada ka ƙara tayar da motar.

Masu Honda kuma ga naku. A 2004 kamfanin ya yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord V6 ta 2003 da farkon 2004, wato irin jikin da muke kira EOD, amma mai V6 ɗin, ban da mai silinda huɗu. Dalili shi ne mai ba ya isa giya ta biyu yadda ya kamata, zafi na taruwa a haƙoranta har su iya karyewa. Maganin da aka yi shi ne a karkato man da ya dawo daga sanyaya a riƙa fesa shi kai tsaye a kan wannan giyar. Motar da ta yi tafiya da yawa kuma sai an leƙa an duba ko zafi ya canja wa ƙarfen launi, in ya canja a sauya giyar ɗungurungum. Da yawa daga irin waɗannan motocin daga baya jirgi ya sauke su a Kwatano, kuma ba kowace ce mai ita na farko ya kai aka yi mata gyaran ba.

Wata maganar da ta ruɗa mutane ita ce ta giyar da aka ce ba a canja mata mai har abada. Mercedes ya fito da irinta a tsakiyar shekarun 1990, ko sandar awo bai sa mata ba, daga baya shi da kansa ya dawo yana ba da shawarar a canja a wajen kilomita 60,000. In a Jamus an janye maganar, ban ga dalilin da za a riƙe ta a Kamba ba.

Yanzu mu leƙa wajen motocin gudu na gaske, don a can ne aka fi ɗaukar abin da muhimmanci. Su ta wata ƙofar zafin ke shigo musu. Ko giyar hannu ce, wani ɗan kaso na ƙarfin inji yana ɓacewa wajen gugar haƙora da kaɗa mai. A misali, in mota mai doki 500 ta yi asarar kashi 5 cikin 100 kacal, doki 25 kenan, wajen kilowat 18. Ka ƙiyasta dutsen guga 18 masu wat 1,000 a kunne cikin tukunya ɗaya. Ford ya ɗanɗana wannan da Shelby GT350 ta 2016, mai doki 526. Wasu nau'o'inta an sayar da su babu na'urar sanyaya man giya da ta difaranshal. Da masu su suka shiga filin tsere, ba a jima ba zafi ya hau, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi da kanta don ta ceci giya, ga motoci na tahowa a guje ta baya. Maganar ta kai kotu a 2017, samfurin 2017 kuwa duk da na'urorin ya fito.

Nissan kuma ta wani gefen ya ɓullo wa abin. GT-R da ta fito a Japan a Disambar 2007, mai doki 480, an sa mata allo a gaban direba da ke nuna zafin man giya a lamba. Waɗanda suka tsara allon ma kamfanin Polyphony Digital ne, masu wasan Gran Turismo na PlayStation, ga masu buga gem a cikinmu. Littafin motar bai tsaya kan kilomita kaɗai ba wajen faɗin lokacin canja mai, ya haɗa da zafin da man ya taɓa kaiwa, kuma idan ya haura digiri 140 umarnin shi ne a canja shi ba tare da jira ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne man giya ba da tsawon tafiya kaɗai yake tsufa ba, da wutar da ya sha yake tsufa. Minti goman nan na rairayi za su iya cin abin da tafiyar wata shida a kwalta ba ta ci ba.

Kuma yanzu kuskure ya fi da tsada. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har zuwa Disambar 2020, ga naira ta faɗi. Zamanin da giya za ta mutu ka ce a tsallaka a ɗauko wata kamar za a sayo kifi ya wuce. Wadda za a kawo maka ɗin ma ba ka san irin rairayin da ta taɓa kafewa a ciki ba.

To ga inda waya ta shigo. Allon nan na GT-R, kai ma za ka iya samun kwatankwacinsa. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD2. Giyar otomatik ta zamani tana da sansar zafi a cikinta, kwamfutar mota na karanta ta kullum, kai ne kawai ba a nuna wa. Ka nemi ƙaramar na'urar da ake kira ELM327, bai kai girman akwatin ashana biyu ba, ana samunta wajen masu kayan wutar mota da shagunan intanet. Ka soka ta a kafar, ka kunna mota, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth. Mai iPhone ya tabbatar ya sayi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, don ta gama-garin ba ta cika yi da iPhone ba. Sai ka sauke manhaja: Torque na Android ne, Car Scanner da OBD Fusion kuwa suna kan duka biyun.

A nan mutane da yawa ke karaya, don haka ka natsu. Zafin ruwan inji da gudun inji za su fito maka nan take, amma zafin man giya ba ya cikin bayanan da doka ta tilasta wa kowane kamfani ya buɗe, kowa da lambar da yake ɓoye nasa. A Car Scanner ka shiga saiti ka zaɓi kamfanin motarka da irin haɗinta, sannan ka nemi layin da ke ɗauke da ATF a jerin sansoci. A Torque kuma sai ka ƙara jerin bayanan kamfanin daga cikin saiti, wani lokacin ma da hannu za ka shigar da lambar. Hanyar gane ko ka dace mai sauƙi ce: da sassafe kafin ka tayar da inji, zafin man giya da na ruwan inji ya kamata su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da yanayin gari. In ka ga lambar ta kauce da nisa, ko ba ta motsi bayan ka yi tafiya, ba ita ba ce. Na'urorin jabu sun yi yawa, wasu ba sa iya karanta komai sai inji, wasu tsofaffin motocin kuma ba sa bayarwa ko da na'urar mai kyau ce. Idan manhajar ta nuna maka P0218, motar ta taɓa rubuta cewa giya ta yi zafi fiye da kima. Mai shirin sayen mota ya duba wannan kafin ya biya, kuma kada ka yi saurin goge lamba ba ka rubuta ta ba.

Ni dai ga yadda nake karanta lambar. Daga 70 zuwa 95 lafiya lau. Ta haura 100 tana ci gaba da hawa, ka sassauta ƙafa. Ta doshi 120, ka nemi wuri ka tsaya. Amma fa kada ka kashe inji, nan ne ake yin kuskure. Famfon da ke zagaya da man inji ne ke juya shi, ka kashe, man ya tsaya cak da zafinsa a cikin kwanbata. Ka sa P, ka kashe AC, ka bar ta tana aiki har lambar ta sauko. Masu Hilux da Prado da ke da fitilar A/T OIL TEMP, abin da littafin motarku ya ce kenan, sai dai ita fitilar ba ta kamawa sai abu ya yi nisa, wayar kuwa tun yana hawa za ta nuna maka. Ka ba wanda ke gefenka ya riƙa kallo, kai ka kalli hanya. In kun iso ka zare na'urar, don wasunsu na shan batir ko mota a kashe.

Da ka yi kwana biyu kana kallon lambar nan, tuƙinka zai canja da kansa. Za ka ga idan ka sauko da giya zuwa L ko 2 tun kafin ka shiga rairayi, zafin ba ya hawa kamar yadda yake yi a D, don ƙaramar giya na rage wa kwanbata nauyi. Mai babbar mota ya sa 4L, don wannan ranar aka yi ta. Ka rage iskar taya kaɗan, fasinja su sauka su taka, in ta kafe kuma a haƙa a sa itace ko tabarma maimakon a yi ta totur. A kwalta da kaya, in ka ji tana ta kai-komo tsakanin giya biyu na sama, ka kashe O/D ko ka riƙe ta a ta ƙasan. Lokacin girbin shinkafa ka riƙa leƙa gaban lagireto, ƙaiƙayi da busasshen taɓo suna toshe ramukan iska, mutum bai sani ba. Da damina in ka ratsa ruwa mai zurfi, ka duba launin man washegari, don giya na da ƙaramar kafar numfashi a samanta da ruwa kan bi ya shiga.

Wanda hanyarsa kullum ta bakin kogi ce da kaya, ƙarin na'urar sanyaya mai ta cancanci kuɗinta. Kamar ƙaramin lagireto take, ana ɗaura ta a gaba inda iska ke bugawa, a haɗa ta yadda man zai fara bi ta lagireto sannan ya ratsa ta cikinta kafin ya koma giya. A sa tiyo na man giya na gaske, ba na ruwa ba, a ɗaure da kyau, a sake auna man bayan an gama. Man kuma wanda aka rubuta a kan sandar awo ko littafin motar: T-IV daban, WS daban, na Honda daban, na CVT kuwa ko kusa bai haɗa hanya da sauran ba. Kada launi ya ruɗe ka, akwai kore, akwai shuɗi. Motocin da ba su da sandar awo, sai man ya kai wani takamaiman zafi ake duba cikarsa, a Toyota da yawa wajen digiri 40 ne, don haka nan ma wayarka za ta yi wa makanikenka amfani.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, motar ta mutu maka a can bakin ruwa, kada ka yarda a ɗaura mata igiya a ja ta har Kamba da tayoyinta a ƙasa. Inji a kashe famfo ba ya aiki, haƙoran giya za su yi ta juyawa a bushe duk tsawon hanyar. In mai jan gaba ce irin Camry ko Accord, a ɗaga tayoyin gaba. In mai ja da ƙafa huɗu ce, a nemo babbar mota a ɗora ta gaba ɗaya.